Sagala Mai Ƙafa Huɗu

Yayana Gwadabe yana da rai. Da wannan zan fara, domin na gaji. Shekaranjiyan nan a tashar motar Suk al-Shabi wata mata da ban taɓa gani ba ta tare ni, ta ce ashe ni ce ƙanwar Marhum, yaya yake, yaya bayan nasa. Marhum, wato marigayi. Mutum yana cinye kwanon ful, dafaffen wake, shi kaɗai da safe, ya ɗora shayi kofi biyu, amma shekara goma sha ɗaya ke nan ana ce masa marigayi. Kowa kuma yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da masu cewa an saka shi a kabari an fara tura ƙasa. Ƙarya ce. Zan rubuta yadda abin ya faru daga bakin waɗanda suke wurin, kuma zan faɗi masu laifi da sunayensu.

A yankin Jazira aka haife mu, a kambo, rugar masu tsinkar auduga. Shi ne babba, ni ce auta. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ba ya shiga ɗakin babanmu sai ya sunkuya, shi ya sa ake ce masa Dogo. Tsawon ba shi ne matsalarsa ba. Matsalarsa jin nauyin mutane. Mai shayi ta taɓa zuba masa gishiri a maimakon sukari, ya shanye, ya yi godiya. Tela ya ɗinka masa jallabiya ta tsaya masa a gwiwa, ya sa ta shekara biyu don kada telan ya ji kunya. Ku riƙe wannan halin, domin shi ne rabin labarin.

Da ya gaji da auduga ya zo Umdurman, ya samu aiki a jirgin Haj Hadi. Da wannan aikin ya riƙe gida, da shi ya kai ni har sakandare. Jirgin katako ne mai inji ɗaya, yana kai da kawowa tsakanin tsibirin Tuti da gaɓar Umdurman, ɗauke da lemun tsami, da albasa, da ciyawar awaki, da matan da ke kawo kayan miya kasuwa. Gaɓar laka ce, jirgi ba ya kaiwa ga busasshiyar ƙasa, don haka sai an shimfiɗa sagala, faffaɗan katakon da ake takawa daga bakin jirgi zuwa tudu. Sagalar Haj Hadi ta bagaruwa ce, ta sha ruwa shekara da shekaru har ta yi nauyin mataccen jaki. A sauran jirage mutum biyu ke ɗaga irinta. Gwadabe shi kaɗai yake ɗaga ta, ya shimfiɗa, ya janye, sau ashirin a yini, shekara ashirin da shida. Yabon da ya samu daga mai jirgi a duk tsawon lokacin nan guda ɗaya ne, wai Dogo ai raƙumi ne.

A shekarar 1985, wata safiya, ya sunkuya ya ɗaga ta, bayansa ya yi ƙara. Ya tsaya a lanƙwashe da katako a hannu, ya kasa miƙewa, ya kasa ajiyewa, abin da ya iya faɗi kawai shi ne fasinjoji su yi haƙuri. Ya yi mako guda a kwance. Da ya koma, sai mata masu albasa ke kama masa suna ja. Haj Hadi ya kalli wannan kwana biyu, ya kira shi gefe.

"Ya Dogo, irtah," in ji shi. Da Larabci, wato ka huta. Ya ƙara da cewa ya ba shi zuwa ranar Asabar. In ya iya ɗaga sagala shi kaɗai kamar da, aikinsa yana nan. In bai iya ba, akwai wani ƙato ɗan'uwan matarsa yana jira.

Kun san abin da yayana ya ce? Ya ce ya gode. Mutum mai 'ya'ya shida, wanda bai san wata sana'a ba a duniya, ana korarsa yana godiya.

Matarsa Khadiga ce ta yi tunani a gidan, kamar kullum. Ta ce tunda ba za a iya ƙara wa baya ƙarfi a kwana biyar ba, sai a rage wa sagala nauyi. Gwadabe ya je wurin masu sassaƙa jirgi a unguwar Abu Rof, suka yi masa dariya, suka ce sagalar da ba ta da nauyi ai kogi ne zai tafi da ita. Ya je wurin wani maƙeri, ya ce zai yi masa ta ƙarfe, ƙarfen da ya fi bagaruwar nauyi, kuma da rana ta take zai gasa ƙafar duk wanda ya taka. Daga nan sai ya tuna da Ƙasimu.

Ƙasimu abokinsa ne tun kambo, gajere, yana ɗingishi da ƙafar hagu, sana'arsa saƙa angarib, gadon igiyar nan da ke kowane gida. Ya saurari bayani, ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Ya samo gora biyu masu kauri, ya sa musu gicciye na itacen gawo, ya saƙe tsakani da igiyar kaba tamau-tamau, tsawo kamu shida, faɗi kamu ɗaya da rabi. Aiki ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Yaro ma zai iya ɗauka. Amma da Gwadabe ya je gani ranar Alhamis, sai ya tarar an kafa mata ƙafafu huɗu.

Ya ce, a hankali, sagala ba ta da ƙafa. Ƙasimu ya ce shekararsa arba'in yana sana'a, aiki bai taɓa fita daga hannunsa ba ƙafa ba, kuma ba zai fara a kan abokinsa ba. Ya ce gajeru ne, za su ma kama laka. Da ni ce da na ɗauki zarto a take. Gwadabe ya ji nauyi, ya ce to, sun yi kyau.

Ranar Juma'a aka gama ɗaure-ɗaure. Suka yi salla a wani masallaci da ke idarwa da wuri, suka dawo rumfa, aka ce a kai ta bakin kogi ta kwana can. Maƙwabtan Ƙasimu uku, Ashafa da Muntari da Mika'ilu, suka ce za su raka, su ga yadda gado zai zama gada. Ba su yi nisa ba bayan Gwadabe ya riƙe, ya tsaya a tsakiyar hanya kamar an kafa shi. Sai Ƙasimu ya ce ga dama ta samu a gwada ƙarfin aikinsa, Dogo ya hau ya kwanta, su huɗu su ɗauke shi. Gwadabe ya ce a'a sau ɗaya, ya ji nauyin faɗa na biyu, ya hau. Rana tana dukan fuskarsa, Ashafa ya kwance farin rawaninsa ya lulluɓe shi daga kai har yatsun ƙafa. Muntari ya ga rawanin yana tashi da iska, ya danne shi da tabarmar sallarsa.

Manya huɗu, dukkansu masu jikoki. Ko yaron goye a garin nan ya san a kan angarib ake ɗaukar gawa, ya san da farin ƙyalle da tabarma ake rufe ta, ya kuma san duk namijin da ya ga janaza sai ya sa kafaɗa ko da taku goma ne. Su huɗun nan babu wanda ya ja da baya ya kalli abin da suka haɗa. Shi kuwa Gwadabe, kwana goma bai yi barcin kirki ba, saƙar ta zauna wa bayansa daidai, ga jijjiga, kafin su kai kwanar farko ya yi nisa.

Daidai lokacin babban masallacin unguwar ya tashi.

Wani dattijo ya zo ya karɓi kusurwar Muntari. Muntari ya ɗauka kirki ne kawai, ya ce Allah ya saka. Dattijon ya tambayi Ƙasimu da Larabci wane ne wannan. Ƙasimu ya ce Gwadabe Dogo ne, na jirgin Haj Hadi. Me ya same shi? Bayansa ne. Yanzu fa?

"Irtah," in ji Ƙasimu.

Shekara arba'in a Umdurman, Larabcin Ƙasimu bai wuce na kambo ba. Shi nufinsa mutum yana hutawa. Bai san cewa a gaban angarib lulluɓe kalmar nan ma'ana ɗaya take da ita ba, wato ya rasu. Dattijon ya yi salati. Ƙasimu ya ɗauka jajen ciwon baya ne, ya ƙara da cewa wallahi bawan Allah ya sha wahala, sai yau Allah ya ba shi barci.

Shi ke nan. Wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, kafin a yi taku ɗari babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ke riƙe da ita. Masu ɗauka suna mamakin rashin nauyi, suna cewa alamar mutumin kirki ce. Wasu suna mamakin tsawon makarar, waɗanda suka san shi suka ce ai Dogo ne. Janaza kuma ba ta tafiyar hawainiya, sauri ake yi. Da aka zo mararraba, maimakon a yi dama zuwa kogi, aka yi hagu.

Nan ne Ƙasimu ya farga. Ya biyo baya da ɗingishinsa yana ihu, "Bahar, bahar," wato kogi, a kai kogi. Mutane suka ce amininsa ne, baƙin ciki ya juya masa kai, yana so ya faɗa ruwa. Ƙarti biyu suka riƙe shi tamau suna ba shi haƙuri. Ashafa ya kutsa gaba yana bayani, hailala ta danne muryarsa. Muntari da Mika'ilu kuwa, waɗannan ba zan yafe musu ba. Dariya ce ta kama su, suka rufe fuska da hannun riga, kafaɗu suna rawa, hawaye yana zuba. Mutane suna dafa su suna cewa su yi tawakkali.

Gwadabe ya farka ya ji hailala ta ko'ina. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya zaci wata janaza ce ke wucewa kusa da su, har ya shiga yi wa mamacin addu'a a ƙarƙashin rawani. Sai ya ji ana ambaton sunansa, ana cewa Allah ya jiƙansa. Ya motsa babban yatsan ƙafa, ya motsu. Ya ɗan juya, baya ya soke shi. Ya ce to, lallai yana da rai, domin bai taɓa jin an ce ciwon baya yana bin mutum lahira ba.

Na tambaye shi don me bai tashi ba. Ya ce, "Laraba, mutum wajen ɗari biyu, har da tsofaffi, sun bar abincin ranarsu suna tafiya a cikin zafin nan saboda ni. Da wane baki zan ce musu sun yi wahalar banza?" Wai yana jira ne a samu lokacin da mutane ba sa kallo ya sauka.

Labari ya riga ya kai gida. Ina can ranar, na zo yini daga unguwarmu ta Alsahafa. Khadiga ta faɗi a tsakar gida, ni na yi kuka har muryata ta tafi, maƙwabta suka fara shigo da butocin shayi da tabarmi. Har yau babu wanda ya ba ni haƙurin wannan kukan.

Labari ya kai ga Haj Hadi ma, yana fitowa daga masallaci. Ya iso da gudu daidai an ajiye angarib a filin da ake salla a gaban maƙabarta. Yana isowa ya ji ana ƙus-ƙus, ga wanda ya kore shi, shekara ashirin da shida, ga wanda ya ce masa irtah, to ga shi ya huta. Haj Hadi mutum ne da ya fi tsoron bakin jama'a a kan komai. Ya tsaya a kan makara ya fashe da kuka. Ya ce Dogo ɗan'uwansa ne, Dogo ne jirgin, shi katako kawai ya mallaka. Ya ce maganar Asabar wasa ce. Da ya ga fuskoki ba su saki ba, sai ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar da namiji ba ya yi a ƙasar nan ya janye.

"Na rantse da sakin matata," in ji shi, "da Allah zai dawo mini da Dogo, ba zai bar jirgina ba sai ranar da ya ga dama."

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin tabarma, a hankali, cikin ladabi.

"Haj, na ji. Allah ya saka da alheri."

Babu wanda ya motsa. Muryar ta ƙara da cewa, "Don Allah wani ya kama ni, bayan ne ya riƙe."

Ashafa ya ce ya ƙirga takalma sama da sittin a filin bayan an watse. Dattijon da ya fara karɓar kusurwa, wanda da sanda yake tafiya, an gan shi ya tsallake katanga. Liman kaɗai ya tsaya, tsoho ne da ya ga abubuwa. Ya ɗaga rawanin ya yi sallama. Gwadabe ya amsa, ya ce Malam a yi haƙuri, an tayar da ku. Liman ya ce dama yana shirin tambayar wanda ya yi wa gawar nan wanka, domin warin kifi take yi.

Da mutane suka dawo neman takalmansu, Haj Hadi ya riga ya share hawaye ya dawo Haj Hadi. Ya ce shi a kan mamaci ya yi rantsuwa, wannan kuwa rayayye ne. Liman ya ce ya ce in Allah ya dawo da shi, ga shi kuma zaune, ga shaidu. Haj Hadi ya ce to, ya ji, amma a gaya masa wane mai hankali ne zai taka makara ya shiga jirgi. In fasinja suka guje shi, ya ce, zai zaga malaman Umdurman ɗaya bayan ɗaya sai ya samu wanda zai warware masa rantsuwar. Kuma na san zai samu.

Don haka ranar Asabar da safe na bi su har Tuti. Jirgi ya tsaya, Gwadabe ya ɗauki sagala da hannu ɗaya, ya shimfiɗa ta kamar mai shimfiɗa darduma. Haj Hadi ya gani, ya kau da kai. Gaɓa cike take da mutane, domin labari ya ƙetare kogi tun jiya. Amma babu wanda ya taka. Mata suka tsaya da kwanduna a ka suna kallon ta. Wani mai ciyawa ya naɗe wando ya shiga laka har gwiwa, ya hau ta gefe. Mai jirgin kusa ya fara kiran mutane su zo nasa, wai sagalarsa ba ta taɓa zuwa maƙabarta ba. Mata biyu suka juya. Na ga Haj Hadi ya fara murmushi, na ga yayana ya sunkuyar da kai yana shirin ba wa wani haƙuri.

Sai ga Iya Kubra. Ita ce babbar mai lemun tsami a tsibirin, babba a shekaru, babba a jiki, in ta zauna a gefe ɗaya na jirgi sai an mayar da buhuna ɗaya gefen. Shekara ashirin Gwadabe yana riƙe mata kwando. Ta ratsa mutane, ta tsaya ta ƙare wa sagalar kallo, ta gyara tob ɗinta, mayafin da ta naɗe jiki da shi.

"Wata rana a kan irinta za ku ɗauke ni ina kwance," in ji ta. "Gara in taka ta yau da ƙafafuna. Dogo, miƙo hannu."

Ta taka. Igiya ta yi ƙara, gora ta lanƙwashe har na rufe ido. Da na buɗe, Iya Kubra tana cikin jirgi tana neman wurin zama, gora ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Kuma sagalar ba ta zame ko kaɗan ba, domin ƙafafun nan sun nutse a laka sun riƙe ta. Ƙasimu yana tsaye a gaɓa yana nuna wa kowa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin, cewa mutumin da ya jawo komai shi ne ya yi gaskiya.

Sauran matan suka biyo ta, har da biyun da suka juya. Haj Hadi ya tayar da inji, bai kuma je wurin malami ko ɗaya ba.

Gwadabe yana jirgin har yau. Duk shekara Ƙasimu yana sake saƙar igiyar, yana kuma sake ba da labarin ta yadda shi ne gwarzo. Sittana, matar Haj Hadi, tunda ta ji aurenta yana rataye da aikin Dogo, duk salla sai ta aiko masa da cinyar rago da man zafi na shafa baya, kuma in mijin ya ɗaga masa murya ita ke fara jin labari. Da rana in jirgi ya tsaya, Gwadabe yana janye sagalarsa zuwa inuwa, ya kafa ta a kan ƙafafunta huɗu ya kwanta. Khadiga ta kafa doka ɗaya, ko ƙuda zai cinye shi kada wanda ya rufe masa fuska.

Sunan ne ya ƙi tafiya. Fasinja suna ce masa Marhum, masu shayi suna ce masa Marhum, jikokinsa ma sun fara. Na ce masa ya daina amsawa, mako guda kawai, za su bari. Ya ce ya taɓa gwadawa da wata tsohuwa, ta kira shi sau uku, ya ga tana wahala, ya amsa.

Matar nan ta Suk al-Shabi, na gaya mata sunansa Gwadabe, kuma bayansa da sauƙi. Ta ce madalla, in gaishe mata da Marhum.